Bashi Biyu a Gida Ɗaya

Faranti huɗu Emese ta tarar an jera a tebur, alhali su uku ne a gidan.

Ta tsaya a bakin ƙofar kicin riƙe da tukunyar miyar kaza ta ranar Lahadi, tana kallon mahaifiyarta Jolán wadda ke goge cokula kamar ba ta san da shigowarta ba.

"Anyu, wa muke jira?"

"Baƙo."

"Baƙon ba shi da suna?"

"Kin san shi. Aje tukunyar ki je ki canza wannan rigar, kin yi kama da mai aikin gini."

Emese ta kalli cokulan. Mutum ɗaya ne ake fito wa da cokulan azurfa a gidan nan, wato Kornél, ɗan masu babban otal ɗin wankan ruwan ɗumi da ke hanyar Sárvár. Tun suna makarantar sakandare yake bibiyarta, ita kuwa tun lokacin take kauce masa.

Zalán ne a ranta, kuma Jolán ta sani.

Shekara biyu ke nan da mahaifinta Dezső, tsohon kafinta, ya faɗi a rumfar aikinsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Zalán ne ma'aikacin gashin ƙashi da asibiti ya turo yana zuwa gida yana motsa masa gaɓoɓi. A hannunsa Dezső ya koyi zama, ya koyi riƙe cokali, har ya fara taku da sanda. A lokacin Jolán ba ta da zance sai na Zalán, kullum da ƙunshin pogácsa mai zafi, 'yan ƙananan burodin da take gasawa, take raka shi ƙofa.

Ranar da ta ji yaron yana da bashin karatu a wuyansa, kuma yana son 'yarta, ranar pogácsa ta ƙare.

Sai ga wata sabuwa. Emese, wadda ta daɗe tana tsaye a gefen gado tana kallon yadda ake tayar da mahaifinta, ta nemi gurbin karatun gashin ƙashi a Zalaegerszeg, kuma ta samu. Sai dai makinta bai kai na waɗanda gwamnati ke biya wa ba. In za ta yi, sai ta ci bashi.

Kornél ya iso da furanni a hannu ɗaya, kwalbar giyar inabi a ɗayan, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya gaishe su da néni da bácsi, wato inna da baffa, kamar yadda ake girmama manya.

"Barka da rana, Jolán néni! Dezső bácsi, kai, jiki ya yi kyau. Nan da kaka sai mu gan ka a filin ƙwallo."

Dezső ya kalle shi daga kan keken guragunsa.

Ba a gama shan miya ba Jolán ta ɗauko zancen, kamar yadda Emese ta zata.

"Kornél, kai da ka san harkar kuɗi, don Allah ka faɗa wa yarinyar nan gaskiya. Zango takwas, kowane zango forint dubu ɗari biyar. Miliyan huɗu ke nan, ban da haya, ban da abinci, ban da kuɗin mota. Ta gama ta fito a ba ta nawa? Dubu ɗari uku da 'yan kai a wata. Mai wanke kwanuka a tsallaken iyaka ya fi ta samu."

"Anyu, ba wanke kwanuka nake son yi ba."

"Ai ba a cin so, 'yata. Sannan ki ɗauki naki bashin ki kai gidan wanda shi ma bashin ne ya yi masa katutu. Bashi biyu a gida ɗaya! 'Ya'yanku me za su ci? Takardar shaida?"

Kornél ya yi murmushi, ya goge baki a hankali.

"Ni ban ga abin tashin hankali ba. Otal ɗinmu yana ɗaukar nauyin ɗalibai. Mu biya mata komai, in ta gama ta zo ta yi aiki da mu. Ko forint ɗaya ba za ta ranta ba."

Emese ta aje cokali. "Ɗalibai nawa kuka taɓa ɗauka?"

"Ke za ki zama ta farko."

"Na yi zaton haka."

"Emese!" Jolán ta daka mata tsawa.

"Ƙyale ta, Jolán néni, ai tambaya ta yi." Kornél ya juyo yana kallonta da tausayin da bai yi mata daɗi ba. "Ba don kaina nake faɗa ba. Dubi Zalán. Yaro mai ƙoƙari, hannunsa na da kyau, amma har yau miliyan biyar da dubu ɗari biyu ke kansa. Wanda ya ranta don haya da abinci kullum ƙara kuɗin ruwa yake. Shi ma ai ba ya son ki shiga wannan ramin."

Emese ta ɗago kai ta kalle shi.

Miliyan biyar da dubu ɗari biyu. Daidai, ba ƙari ba ragi. Zalán ya faɗa mata wannan adadin ne a bakin kogi, kansa a sunkuye, ya kuma sa ta yi alkawarin ko mahaifiyarsa ba za ta ji ba. Mutanen gari kuwa miliyan uku suka sani.

"Biyar?" in ji Jolán tana dafe ƙirji. "Ni uku aka ce mini!"

Emese ta kalli mahaifiyarta. Hannun yana kan ƙirji, amma idon bai nuna mamaki ko kaɗan ba.

Ta maida dubanta ga Kornél. "Wa ya faɗa maka?"

"Me?"

"Adadin. Da kuma cewa ba ya son in yi karatun. A ina kuka zauna da shi?"

Kornél ya miƙa hannu ya ɗauki gishiri. "Garin nan ƙarami ne, Emese. Magana tana yawo."

Daga nan har aka tashi ba ta ƙara sa komai a bakinta ba. Wani abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Farkon da ta nemi gurbin, Zalán ne ya zauna da ita yana yi mata bitar sunayen ƙasusuwa, ranar da sakamako ya fito har ɗaga ta ya yi sama don murna. Amma 'yan makonnin nan sai ya canza baki. Ki yi tunani, Mesi. Bashi ba wasa ba ne, Mesi. Ki ɗan jira tukuna, Mesi.

Wa ya canza masa baki?

Washegari da yamma Zalán ya zo yi wa Dezső gashi kamar yadda ya saba. Emese ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallonsu.

"Yauwa, Dezső bácsi, ɗaga mini ita. Haba, jiya fa na ji an ce ka cinye cinyar kaza kai kaɗai, yau kuma ka ce ba ƙarfi? Ƙara ɗaya. Ƙara ɗaya dai."

Tsohon ya yi dariyarsa ta ɓari ɗaya, ya ɗaga ƙafar. Emese ta ji zuciyarta ta karye. Wannan hannun ne ya sa ta son aikin, shi ne kuma ya sa ta son mutumin. Amma yau ko sau ɗaya bai yarda sun haɗa ido ba. Kuma sabon takalmi ne a ƙafarsa, shi da ya shekara yana liƙe tsohon da gam.

Da ya gama ta ce, "Zo rumfar inabi, ina da magana."

Suna isa ta juyo ta kafe shi da ido.

"Yaushe kuka zama abokai da Kornél?"

"Wa ya ce mun zama abokai?"

"Kada ka amsa mini tambaya da tambaya, Zalán. Jiya a teburinmu ya faɗi bashinka har da dubu ɗari biyun da ke kai. Ni ban faɗa wa kowa ba. Saura kai."

Ya zauna a kan bencin katako, ya saka kansa cikin tafin hannunsa.

"Mahaifiyarsa ce ta kira ni ofishinta," ya ce.

"Ta kira ka ka yi mata gashi?"

"Sun buɗe sabon reshe a Ostiriya, can cikin duwatsu. Suna neman ma'aikaci. Ta ce in na yarda na yi musu shekara uku a can, za su biya bashina gaba ɗaya, su kuma ba ni kuɗin kama aiki a hannu. Albashin ya ninka na asibiti uku."

Emese ta yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba. "Duk ƙasar nan ba su ga mai gashin ƙashi ba sai kai?"

"Na iya aikina, Mesi."

"Na san ka iya. Su ma sun sani tun shekara nawa? Ka taɓa neman aiki a otal ɗin nan suka ce ba gurbi. Yau da aka ji za mu yi baiko sai gurbi ya faɗo daga sama, kuma ba a nan kusa ba, sai inda mota ke wuni kafin ta kai! Kai ba ka ga komai a ciki ba?"

"Na gani."

"Ka gani?"

"Ni ba yaro ba ne. Na san so suke su kawar da ni daga gabansa."

"Amma ka zauna ka buɗe musu cikinka, har da adadi!"

Ya miƙe tsaye, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ke ba ki san mene ne bashin nan ba, shi ya sa. Kina ganina ina wasa da Dezső bácsi kina cewa aikin na da daɗi. Da daɗi, na yarda. Amma albashi yana shiga, kafin in taɓa shi an zare na bashi. In biya hayar ɗakin da ko tagar kirki babu, in aika wa mahaifiyata na magani, abin da ya rage ba ya kai ni ƙarshen wata. Ranar Asabar da kowa ke hutawa ina gidajen mutane ina tausa har yatsuna su ƙage. Shekarata talatin, Mesi, ko firji ban mallaka ba. Kina so in tsaya ina kallo ke ma ki sa wuyanki a ciki?"

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"To me ya sa ka koya mini? Me ya sa ka ce hannuna ya fi na wasu da suka yi digiri? Ka ɗora ni a kai, da na kai tsakiya ka ce in sauka."

"Ban ce ki sauka ba. Cewa na yi ki jira." Ya matso kusa, ya sassauta murya. "Ji lissafina. In na tafi, bashina ya mutu. Da albashin can zan biya miki kuɗin makaranta zango bayan zango, ba ki ci bashi ba, ba ki karɓi na Kornél ba. Shekara uku in dawo, ke kin kusa gamawa, mu yi aure ba wanda ke binmu ko forint. Su suna ganin sun yi mini wayo, alhali da kuɗinsu zan gina mana gida."

"Da kuɗinsu," ta maimaita a hankali. "Ka ji bakinka kuwa? In Kornél ya biya, kuɗinsu ne. In kai ka biya, kuɗinsu ne dai, sai dai ya bi ta aljihunka. Ta ko'ina su ne suka saye ni."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne! Kuma shekara ukun nan ina zan kasance? A nan, da Anyu a kunnena safe da yamma, da shi a teburinmu kowace Lahadi da furanni. Apu kuma wa zai riƙa ɗaga masa ƙafa? Ka yi lissafin forint tsaf, amma ba ka sa mu a ciki ba."

Zalán ya kau da kai.

Wani tunani ya faɗo mata, ta share hawaye da bayan hannu. "Tsaya. Wa ya ba mahaifiyar Kornél shawarar ta kira ka? Ita ko sunanka ba ta riƙe ba."

"Ban sani ba."

"Anyu ce?"

"Na ce ban sani ba."

"Kalle ni ka faɗa."

Ya kalle ta, amma idon bai daɗe ba ya sauka. "Na gan ta tana fitowa daga ofishin ranar da na je. Iyakar abin da na sani ke nan."

Emese ta dafa ginshiƙin rumfar. Ta tagar kicin ta hango labule ya motsa.

"Saura tambaya ɗaya," ta ce. "Ka sa hannu?"

"A'a."

"Zalán."

"Na rantse da kabarin mahaifina ban sa ba. Na ce musu zan yi tunani."

"Takalmin nan fa?"

Ya kalli ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta. "Haba, Mesi. Takalmi ma sai na kawo shaida? Rangwame aka yi a kasuwa."

Kunya ta ɗan kama ta, ta kama hannunsa da nata biyu ta riƙe gam.

"To ka ji nawa lissafin. Zan ci bashin da sunana. Na makaranta kaɗai, wanda ba shi da kuɗin ruwa. Ba zan kama haya ba, zan riƙa zuwa ina dawowa a mota, ranar hutu in yi aiki a gidan burodi. In na gama, ko shekara goma sha biyar zan yi ina biya, nawa ne, ba mai yi mini gori. Za mu sha wuya, na sani. Amma gara mu sha ta tare a ɗaki marar taga da ka tafi. In ka karɓi kuɗin mutanen nan, Zalán, kada ka dawo ƙofar gidan nan. Da gaske nake."

Ya kalle ta. Sannan ya jawo ta jikinsa, ta ji ƙirjinsa yana bugawa da ƙarfi fiye da kima.

"Na ji," ya ce a saman kanta. "Na ji, Mesi."

Da ta shiga gida Jolán na tsaye gaban murhu tana juya abin da bai buƙaci juyi ba.

"Me kika je yi ofishin mahaifiyar Kornél, Anyu?"

Ludayin ya tsaya. Jolán ba ta musa ba.

"Abin da kowace uwa za ta yi. Na auri mutumin kirki marar ko sisi, na san daɗinsa, na kuma san wuyarsa. Ranar da ubanki ya faɗi, soyayya ba ta sayi keken nan da yake kai ba, zoben aurena ne ya saya. Ki tsane ni yau, na yarda. Wata rana za ki gode."

"Jibi zan je in yi rajista. Bashi zan ci."

"Je ki mana," in ji Jolán, ta ci gaba da juyi. "Allah ya kiyaye hanya."

Wannan saurin amincewar ya fi faɗa damun Emese. Kwana biyun nan ta yi su tana juya maganar a ranta, ba ta gano bakinta ba.

Ranar Laraba da safe ta sumbaci mahaifinta a goshi, ta hau motar Zalaegerszeg. Ofishin rajista cike yake da sababbin ɗalibai da iyayensu. Da layi ya zo kanta, ta zauna gaban wata mata mai furfura da tabarau rataye a wuya, ta faɗi sunanta, ta ce ta zo ne a nuna mata yadda ake neman bashin karatu.

Matar ta danna na'urarta, ta ɗora tabarau a hanci, ta ƙara dubawa.

"Bashin me kuma, 'yan mata? Ai an biya miki."

"An biya?"

"Zango biyu cur, shekarar farko gaba ɗaya."

Emese ta tuna da mahaifiyarta. Ashe dalilin Allah ya kiyaye hanya ke nan. Ta dunƙule hannu a kan cinyarta.

"Otal ne ya turo, ko? Ko wani mai suna Kornél?"

"Ba otal ba ne." Matar ta matso da fuska kusa da na'urar. "Bodnár Zalán. Tun ranar Juma'ar da ta wuce kuɗin suka shigo."

Juma'a.

Kafin miyar Lahadi. Kafin rumfar inabi. Kafin ya kalle ta ya rantse da kabarin mahaifinsa. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, a ina zai samo forint miliyan ɗaya in ba a wuri ɗaya ba?

"Saurayinki ne?" matar ta tambaya tana murmushi. "Ki riƙe shi da kyau, irinsu sun yi ƙaranci. Nawa mijin ko kuɗin gyaran gashi sai mun yi shari'a."

"Ana iya mayar da kuɗin?" in ji Emese.

Murmushin matar ya ɗauke. "Mayarwa? Sai dai in wanda ya biya ne ya nema da kansa. Lafiya kuwa? Ko in kawo miki ruwa?"

Emese ba ta san lokacin da ta fito ba. A kan matakalar ginin ta tsaya, ɗalibai na wuce ta suna dariya, ta ciro waya ta kira Zalán. Ta yi ta ƙara har ta kusa tsinkewa, sannan aka ɗauka. Ƙarar mota a kan babban titi ta fara ji.

"Zalán, ka yi mini ƙarya! Ka rantse da..."

"Emese? Sannu." Muryar a natse take, har da ɗan murmushi a cikinta. "Kornél ne."

Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Me wayarsa take yi a hannunka?"

"Tuƙi yake yi, ni na ce ya karɓe ni na gaji. Yanzu muka tsallaka iyaka, zan nuna masa masaukinsa. In saƙo ne ki faɗa mini, zan isar."

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai kuka. Daga can nesa, cikin ƙugin injin, ta jiyo muryar da ta fi sani a duniya.

"Wa ke nan?"

Kornél bai ko rufe bakin wayar ba.

"Ba kowa," ya ce. "Kalli hanya."